Fijo 504 Ta Tafasa: Yadda Ake Gano Ciwon Kafin A Kwance Inji



Idan allurar gejin zafi ta doshi ja a Fijo 504, abu biyu aka saba yi a garejojinmu. Ko a cire tamostat a jefar, ko a ce gasket ya ƙone a kwance tof silinda. Na farko rufa-rufa ce, na biyu kuma kuɗi ne masu yawa, alhali sau tari ciwon ba a can ya faro ba. Akwai tambaya guda da ya kamata a yi wa direba kafin a ɗauki ko sifana ɗaya: yaushe take yin zafin? Amsar da ya bayar ita ce rabin aikin.

Na zaɓi 504 ne don ita ce tsohuwar motarmu ta nan gida. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ta 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo, ba a kuma daina fitar da 504 a can ba sai wajen 2006. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ma kusan sa'ata ce. Duk da haka har gobe a-kori-kurarta na jigilar buhunan masara da waken suya daga ƙauyuka zuwa kasuwa.

Ni ɗan Mada ne. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Gusau ta ratse a Kwatarkwashi zuwa garinmu, ko wadda ta miƙe Tsafe zuwa Funtuwa, ya san a 'yan shekarun nan tsayuwar mota a daji bayan la'asar ba ƙaramin abu ba ne. Direba ya ɗaga bonet yana jiran ruwa ya huce, fasinja kuwa idonsu na kan duhuwar itatuwa, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa. Injin da ya tafasa yana buƙatar aƙalla rabin awa kafin a taɓa shi, kuma akwai wuraren da ba mai son ya yi rabin awa a tsaye. Shi ya sa nake ganin a wajenmu gyaran zafin inji a gareji ya kamata a gama shi, tun da safe, kafin a yi lodi.

Lissafin da ke bayan abin

Daga cikin zafin fetur ɗin da ke ƙonewa a silinda, abin da ke komawa ƙarfin juya taya bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku yana bin salansa ya fita. Sauran, shi ma kusan haka, ruwa ne zai kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Famfon ruwa, wanda makanikai ke kira wata-fam, shi ke zagaya da ruwan. Tamostat ke tsare ƙofa har inji ya ɗumama. Fanka ke jawo iska idan mota ba ta gudu. Murfin lagireto kuma shi ke riƙe matsi.

Ku tuna abin da muka yi a aji: Q = U × A × ΔT. Zafin da lagireto zai iya fitarwa ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje. A ce ruwan yana kan digiri 90. Da safiyar hunturu, iska na digiri 20, tazarar 70 ce. Da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da garin kan kai digiri 42, tazarar ta koma 48. Raba 48 da 70, za ka ga lagireton ya yi asarar kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba tare da komai ya lalace ba. To ka ɗora masa toshewar da ta cinye wani ɓangare na A, ka ɗora lodin buhu goma sha. Wannan ne dalilin da mota za ta yi hunturu lafiya lau, bazara na kamawa ta fara tafasa, mai ita ya rantse sammu aka yi masa. Ciwon yana nan tun tuni, sanyi ne ya rufa masa asiri.

Tambayar da ke raba gardama

Idan direba ya ce a gosulo take zafi, ko in an bar ta a sulo a tasha, amma da ya hau titi ya ba ta wuta sai allura ta sauka, to iska ce ba ta isa. Ka nufi fanka da fambel. Idan ya ce a cikin gari ƙalau take, sai ya miƙe hanya ko ya kama hawa da lodi, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireton ya gaza, ko kuma injin ne ke haifar da zafin da ya wuce ƙa'ida. Idan cikin minti biyar zuwa goma da tayarwa allura ta kai ja, ka zargi tamostat da ya maƙale a rufe, ko babu ruwan ma gaba ɗaya. Idan kuwa ya ce kullum sai ya ƙara ruwa amma ba ya ganin ɗigo a ƙasa, ka fara da murfi, sannan ka yi tunanin gasket.

Amma kafin duk wannan, ka tabbata gejin gaskiya yake faɗa. Wayoyin motar da ta shekara talatin sun sha hannu. Sanda ɗin zafi kan mutu, wayar at da ta haɗa inji da bodi kan yi tsatsa, sai allura ta riƙa hawa duk lokacin da aka kunna fitila. Idan allura na ja amma ruwa bai ragu ba, babu tururi, inji bai canza murya ba, nemi ma'aunin zafin nan mai kama da ƙaramar bindiga da ake haskawa daga nesa, ka auna gidan tamostat. A rashinsa, ma'aunin ɗakin gwaji a bakin lagireto ma ya wadatar, in dai tun inji na sanyi ka buɗe murfin.

Murfin da aka raina

A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100. A nan yankin Gusau da muke sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu, yana tafasa ƙasa da haka kaɗan, tsakanin 98 da 99. Murfin lagireto yana da sifirin da roba da ke riƙe matsi a ciki. Matsin rabin ba, wato 0.5, yana ɗaga tafasar zuwa wajen digiri 111. Matsin ba 1 yana kai ta wajen 120. Idan robar ta tsage ko sifirin ya saki, wannan rarar duk ta tafi, ruwa ya riƙa tafasa a wuraren da suka fi zafi cikin tof silinda yana fita ta ƙaramin tiyon gefe a matsayin tururi, ba mai gani. Na sha ganin motar da aka toshe bakin lagiretonta da leda da tsumma, mai ita yana neman kuɗin gasket. Murfi na cikin mafi arha a kayan mota. Lambar matsinsa a rubuce take a samansa, a sayi daidai da na asali. Kada a ce bari a sa mai ƙarfi sosai, tsohon lagireto da tsofaffin tiyo ba za su ɗauka ba.

Tun inji na sanyi, ka matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi laushi kamar burodi ko ya bushe ya tsattsage, ya gama aiki. Na ƙasa ya fi muhimmanci, don shi famfo ke zuƙa ta cikinsa. Idan ya yi laushi, da an taka totur sai ya shafe ya hana ruwa wucewa, da an saki ya koma kamar ba abin da ya faru. Sai ka sa wani ya ba ta wuta kana kallo za ka kama shi. Fambel kuma ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. In ya wuce haka, ko gefensa ya yi sheƙi, zamewa yake yi, famfo da fanka duka suna tafiyar hawainiya.

Fankar 504 tana da wata dabara. Faransawa sun yi ta da kulocin maganaɗisu: wani suwic mai jin zafi ne ke ba ta wuta ta kama idan ruwa ya yi zafi, ta saki idan ya huce. Idan suwic ɗin ya mutu ko gawayin da ke kai mata wuta ya cinye, za ka ga tana juyawa, amma iska ce kawai ke kaɗa ta, ba ta jan komai. Yawancin waɗanda na gani a gareji an riga an ɗaure fankar tana juyawa dindindin, kuma a yanayinmu ban ga laifin hakan ba. Inda ake samun matsala shi ne masu ƙara fankar lantarki su juya wayoyin, fanka ta riƙa tura iska gaba tana faɗa da iskar hanya. Gwajin ba ya cin ko sisi: riƙe takarda a gaban lagireto, ya kamata ta manne.

Lagireto da ruwan da muke zuba masa

Nan ne na fi so mu daɗe, don a ganina nan yawancin ciwon yake. Ku leƙa cikin hitar da muke dafa ruwa da ita a hostel, ku ga farin dutsen da ya manne mata. Wannan sinadarin kalsiyam ne da ke cikin ruwan rijiya da na burtsatse. Abin da ke faruwa a hita shi ke faruwa a cikin siraran bututun lagireto da hanyoyin ruwa na tof silinda, shekara da shekaru. Dutsen nan ba ya barin zafi ya ratsa shi, kuma yana rage faɗin bututu. Ka ƙara da tsatsa: bulok ɗin 504 baƙin ƙarfe ne, tof silinda alminiyam, lagireton asali tagulla da farin jan ƙarfe. Ƙarafa daban-daban a cikin ruwa ɗaya ƙaramin batir ne, kuma alminiyam ne ke ciwuwa. Wanda duk ya ga tof silindar da hanyoyin ruwanta suka rarake kamar gara ta ci, ya ga aikin ruwan banza.

Koren ruwan nan ko jan da ake sayarwa a galan, mutane kan ce na ƙasashen ƙanƙara ne, mu me za mu yi da shi? Gaskiya ne hana daskarewa ba damuwarmu ba ce. Hasali ma tsurar ruwa ya fi shi ɗaukar zafi: ruwa na ɗaukar 4.18 kJ a kowane kilo kan kowane digiri, haɗin rabi da rabi kuwa wajen 3.5 ne. Amfaninsa a wajenmu maganin tsatsar da ke cikinsa ne, da ɗan ƙarin da yake yi wa ma'aunin tafasa. Don haka ba sai an cika shi da yawa ba, a bi abin da aka rubuta a jikin galan, a haɗa da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. Tataccen ruwa na ce, ba asid ba, a tambayi mai shago da kyau. In babu, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na burtsatse nesa ba kusa ba. Sannan a kula, ruwan nan guba ne kuma yana da zaƙi. Kada a zubar da tsohonsa inda awaki ko yara za su kai baki.

Yadda za ka gane toshewa: bari inji ya yi zafi, ka kashe shi, ka cire makulli, sannan ka bi fuskar lagireton da tafin hannu a hankali. Zafin ya kamata ya riƙa raguwa sannu a hankali daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. Duk inda ka ji wani yanki ya yi sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin sun toshe. Wanke shi da tiyon ruwa ba ya fitar da dutse. Sai an kai wa mai lagireto ya narke dalma ya cire tankin, ya zura siririn ƙarfe a kowane bututu, ya mayar ya like. Wannan gata ne na tsohon lagireto, na roba da alminiyam na motocin yanzu ba kasafai suke karɓar irin wannan aiki ba. Ta waje kuma, bayan kaka za ka samu ƙaiƙayi da ƙura da matattun ƙwari sun cushe tsakanin fukafukansa. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota na kwantar da fukafukan.

Ɗanyen ƙwai ko garin barkono da ake zubawa don tsayar da yoyo yana aiki, ba ƙarya. Yana toshe hujin, yana kuma toshe bututun da ba su yi laifin komai ba. Wanda ya yi shi a hanya don ya kai gida ya yi daidai, amma washegari lagireton ya sauka.

Maganar tamostat

Ogan da na yi SIWES a wajensa, in ka kawo masa zancen tamostat, cewa yake yi: "Yaro, wanga abu na ƙasar sanyi ne, mu nan wuta muka ciki." Na fahimci inda ya dosa. Jabun tamostat da ya maƙale a rufe yana iya kashe inji cikin 'yan mintuna, kuma mutumin da ya ga haka sau biyu ba zai sake yarda da shi ba. Amma cire shi ba ya ƙara wa lagireto ko bututu ɗaya. In lagireton ya gaza, zai gaza ko da tamostat ko babu, sai dai a jinkirta tafasar da 'yan kilomita. Abin da ake samu kuwa shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, fetur yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ringi na ciwuwa, mota na shan mai fiye da ƙima. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, wannan ba asarar da za a yi wa dariya ba ce.

Su kuma masu kare tamostat da hujjar cewa in babu shi ruwa na gudu da sauri har ba ya samun lokacin hucewa, su ma lissafinsu bai fita ba. Saurin zagayawa ba ya rage yawan zafin da ake fitarwa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ƙuncin ƙofarsa yana taimaka wa famfo ya tara matsi a cikin inji, wanda ke hana ruwa tafasa a kusa da bawul ɗin hayaƙi.

Gwada shi abu ne mai sauƙi. In geji na ja amma tiyon sama da lagireto ba su yi zafi ba, ya maƙale. Cire shi, ka rataya shi da zare a cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'auni. Ya fara buɗewa a kusa da lambar da aka buga a jikinsa, ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. Sabo ma a gwada shi haka kafin a ɗaura.

Famfo kuwa, kama fanka ka girgiza inji na kashe. In akwai wasa, ko ruwa na tsattsafowa ta ƙaramin hujin ƙasansa, ya tafi. Wani lokaci ta waje lafiya lau, amma tsatsa ta cinye fukafukan ciki.

In duk waɗannan sun fita lafiya kuma zafi bai daina ba, to injin ne ke dafa kansa. Taimin da ya yi baya yana sa wuta ta ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, mota ta yi nauyi, manifol ya yi zafi fiye da kima. Duba kwantak da ɗan tiyon iska da ke zuwa distirbita. Kafireton da aka matse don tsimin mai shi ma yana ƙara zafi, za ka ga bakin fulogi ya yi fari fat. Kada a manta da birkin da ke riƙewa: bayan tafiya, kai hannu kusa da kowane wili ka ji wanda ya fi saura zafi.

Sai yanzu muka iso gasket

Inji na sanyi, buɗe murfi, cika ruwa har wuya, ka tayar. Kumfa ɗaya biyu iska ce ke fita. Kumfar da ba ta yankewa, tana ƙaruwa in an ba da wuta, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Mayar da murfi: in tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu alhali ruwa bai ɗumama ba, shaida ta biyu ke nan. Cire fulogi huɗun ka jera, wanda ya fita tas kamar an wanke shi, silindarsa na shan ruwa. Sauran alamun su ne farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, da kuma gwajin kwamfureshan da ya nuna silinda biyu maƙwabta sun faɗi tare.

Abin lura, gasket yawanci sakamako ne. Alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, wajen 23 a kan 11 ko 12 a ma'aunin da muka sani. Idan inji ya tafasa, tof silinda na miƙewa fiye da bulok, ta murje gasket, wani lokaci ta lanƙwashe. Wanda ya sa sabon gasket bai gyara lagireton da ya jawo tafasar ba, zai sake sayen wani. A ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a fuskar tof silinda a zura fila geji, in ta lanƙwashe a kai ta a goge.

Ga wani abu da ya keɓanci wannan injin, mai cc 1971 da ɗan'uwansa mai 1796. Silindoginsa silif ne da ake zurawa cikin bulok, ruwa na zagaye su kai tsaye, kowanne na zaune a kan siririn abin liƙi a ƙasa. Tof silinda ce ke danne su. Da ka cire ta, in ka juya karanshaf ba ka danne silif ɗin da wasa da kusoshi ba, fistin zai ɗaga su, liƙin ƙasa ya tashi. Ka haɗa komai tsaf, ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai, a ce gasket ɗin jabu ne. Wajen cirewa ma ba a fizgo ta sama kai tsaye, gefe ake fara gurgusa ta don ta rabu da silif. Wajen ɗaurewa a bi kusoshi daga tsakiya zuwa waje da sifanar awo, a kan adadin da littafin motar ya faɗa.

In ta kama ka a hanya

Allura ta fara hawa amma babu tururi: rage gudu, sauko da giya don famfo da fanka su ƙara juyawa ba tare da inji na nishi ba. In hitar cikin mota na aiki, kunna ta har ƙarshe, ƙaramin lagireto ce. Da ka ga tururi ko ka ji inji na ƙwanƙwasa, kashe shi. Kada ka buɗe murfi, ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, matsi ne kawai ya riƙe shi, yana samun ƙofa zai yi tsalle ya sale maka fuska da hannu. Kada kuma a sheƙa ruwan sanyi a kan tof silinda ko a cikin injin da ya ƙafe, tana iya tsagewa. In ya huce har kana iya riƙe tiyon sama, sa tsumma mai kauri, juya murfi zuwa matakin farko matsi ya fita, sannan ka tayar da inji ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan.

In wurin ba na tsayawa ba ne, ran mutane ya fi inji. Ka ja ta a hankali zuwa gari ko shingen jami'an tsaro mafi kusa, ko da gasket zai tafi. Sai dai kada ka kashe makulli mota na gangara don ka huta da injin: birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari kuma na iya kullewa. Kafin a bar tasha, a tabbata akwai jarkar ruwa lita goma, fambel na ajiya, kilif biyu na tiyo, sukundireba da tsumma a bayan kujera.